Takarda mai tambari: gayyata ko sammaci?

Bara, da yayata za ta kare kundinta na mastar, ta ba ni takardar gayyata in kai ma kakanmu a ƙauye. Tsohon bai jin faransanci, amma da ya hangi shuɗin tambari a ƙasan takardar sai ya janye hannu, ya ce: "Kai, mi ta yi musu?" Na yi ta dariya. Daga baya na gane ya fi ni sanin tarihin wagga takarda.

Kafin zuwan Nasara, wasiƙar fada, irin ta sarakunan Damagaram, malamai ne ke rubuta ta da larabci: bisimilla, daga wane zuwa ga wane, doguwar gaisuwa, sannan magana, ga hatimi. Manzo ke ɗauke da ita, bakinsa ya cike abin da alƙalami ya rage. Da Faransawa suka kama Zinder a 1899, sai wata irin takarda ta shigo, kiran kumandan. Ita babu gaisuwa: suna, rana, awa, sa hannu. Gardi ke kawo ta, kuma bayanta haraji ne, ko shari'a, ko aikin tilas, wanda sai 1946 aka soke shi. Wannan tsoron kakana ya gada.

Jami'a kuwa a hannun biro ta koyi rubutu. Ta Yamai ta fara a 1971, ta zama cikakkar jami'a a 1973, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992; na Maraɗi, Tawa da Zinder suka biyo a 2010. Ku ɗauki kowace gayyata tasu ku duba. Jamhuriya a bisa, sai minista, sai jami'a, sai sashe, kowa a matakinsa kamar zaman fada. Ga lamba, ga dalili, sannan "a l'honneur de vous inviter". Wai mai kira ne ke samun girma. To, amma an taɓa ganin ɗalibin da ya ƙi amsa irin wannan girmamawa? Cire kalmar ladabin, abin da ya rage kiran kumandan ne sak. Idan kuma kai ne ke rubuta ma rakta, sai takardarka ta bi ta hannun shugaban sashe da na tsangaya, mataki-mataki. Har sanarwar ƙungiyarmu ta ɗalibai, mu masu zagin biro, ba ta fita sai da lamba da tambari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshen. Iyayen da suka sayar da gero da awaki don a yi karatun, su ne ba su iya karanta gayyatar bikinsa.

Kakana dai ya zo, da babbar rigarsa. Amma sai da yayata ta kira shi ta tarho, ta gaishe shi yadda ya kamata, ta kuma aika da goro.