Amsoshin Takardunku: Wane ne Mai Waƙar "When a Man Loves a Woman"?

Wani mai sauraronmu daga Samaru, Zariya, ya ce ya ji wannan waƙar soyayya da muryoyi biyu a wajen masu tura waƙa a Sabon Gari, shi ne yake so ya san ainihin mai ita.

To malam, wanda ya fara rera ta shi ne Percy Sledge, baƙar fata ɗan jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Kai da kake Samaru, inda cibiyar binciken aikin gona take fitar da irin auduga, sai ka ce da shi ɗan gida, domin a gonar auduga ya tashi. Ya sha faɗa cewa tun yana tsinkar auduga yake gunguna karin waƙar. Daga baya ya kama aikin kula da marasa lafiya a asibiti, yana waƙa a ƙarshen mako tare da wasu makaɗa.

Wani ma'aikacin rediyo mai suna Quin Ivy shi ya ɗauki waƙar a garin Sheffield a 1966, kamfanin Atlantic ya buga faifan, ta zo ta ɗaya a Amurka.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Da aka zo rubuta masu waƙar, sai aka sa Calvin Lewis da Andrew Wright, abokan kiɗansa, ba sunansa. Shi ya ce kyauta ya bar musu saboda sun taimaka masa. Su kuma sun ce su suka haɗa ta. A ƙa'idar can kuwa, mawaƙi yana cin rabonsa ne a faifan da ya rera. Wanda takarda ta ce shi ya tsara waƙa, duk wanda ya sake rera ta sai an biya shi.

An kuwa sake rera ta. Bette Midler ta yi ta a fim ɗin The Rose a 1979. A 1987 aka sa ta Sledge a tallan wandon Levi's, ta kai ta biyu a Ingila. A 1991 wani Bature, Michael Bolton, ya sake ta, ta kuma zuwa ta ɗaya a Amurka, har ya sami lambar Grammy a 1992. Mai yiwuwa tasa ce murya ta biyun da ka ji. Kason mai tsarawa na duk waɗannan ya wuce Sledge, har ya rasu a 2015.

Saboda haka manoma da 'yan kasuwa, in za ku yi tarayya a gona ko rumfa, ko da ɗan'uwa ne, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu tun kaya ba su yi daraja ba.

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku.