Daga Osaka Zuwa Teburin Mai Shayi: Yadda Taliyar Asiya Ta Zauna a Karfi

Shagon taliya irin na ƙasashen Asiya wuri ne mara ƙyale-ƙyale: benci, tukunya a kan wuta, mai girki yana aiki a gaban mai ci, kwano ɗaya, a ci a biya a tashi. A Karfi, cikin ƙaramar hukumar Malumfashi ta jihar Katsina, da sauran garuruwan noma na yankin Funtuwa, wurin da ke wannan aiki shi ne teburin mai shayi, abincin kuwa Indomie da ƙwai.

Taliya tsohon abinci ce a gabashin Asiya. A shekarar 2005 masu binciken kayan tarihi suka sanar da gano wata taliya a Lajia, arewa maso yammacin ƙasar Sin, mai kimanin shekara 4,000, wadda suka ce da wani dangin gero aka yi ta. Daga Sin taliyar alkama mai romo ta shiga Japan, inda a 1910 aka buɗe shagon Rairaiken a unguwar Asakusa ta Tokyo. Bayan yaƙin duniya na biyu, yunwa ta addabi Japan, Amurka kuma ta riƙa turo garin alkama, sai masu sayar da taliya a bakin titi suka yawaita. A wannan yanayi ne Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, ya gano a Ikeda da ke Osaka cewa idan aka turara taliya sannan aka soya ta a mai, ruwan jikinta zai fice ya bar ƙananan ƙofofi, ta daɗe ba ta lalace ba, kuma tafasasshen ruwa ya farfaɗo da ita cikin minti kaɗan. Ya fito da ita kasuwa a 1958.

Indonesiya ta karɓi dabarar, Indomie ta bayyana a can a 1972. Har yau ƙasar cike take da ƙananan shaguna da ake kira warmindo, inda ɗalibai da leburori ke zama a dafa musu Indomie da ƙwai da barkono. Kamfanin Tolaram ne ya fara shigo da ita Najeriya a 1988. A tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'anta a Ota, jihar Ogun, daga baya aka ƙara wata a Fatakwal, sannan ta Kaduna a 2012, wadda ta kusanto da kayan ga 'yan kasuwar Zariya, Funtuwa da Malumfashi.

Ko kafin wannan akwai mutanen Sin a Arewa. Masu jari daga Hong Kong ne suka kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, kuma an daɗe da gidajen abincin Sin a Kano da Kaduna. Sai dai waɗannan na attajirai ne da baƙi. Manomin auduga bai taɓa zama abokin cinikinsu ba.

Abin da ya share wa Indomie hanya shi ne, Bahaushe ya riga ya san taliya. Alkama na daga cikin amfanin rani na ƙasar Hausa tun da daɗewa, kuma cinikin Sahara da fataken Turabulus da Gadamas ya bar wa Kano da Katsina abinci iri-iri na alkama, irin su gurasa da alkaki. Taliyar Hausa ta gida, wadda mata ke kwaɓawa su murza a ƙaramin injin hannu, su shanya a kan igiya, ta daɗe a farantin 'yan talla, ana cin ta da manja da yaji, wani lokaci da wake. Don haka da sabuwar ta iso cikin leda, ba wanda ya tambayi yadda ake cin ta. Bambancin kawai, wannan ta zo da kayan ɗanɗanonta a ƙunshe, kuma ba ta jiran shanya.

Mai shayi shi ne ya fi kowa shirin karɓarta. Yana da wuta, yana da kaskon suyar ƙwai, yana da albasa da attarugu a yanke, yana da benci, kuma yana fitowa da asuba da bayan magariba, lokutan da tukunyar gida ba ta kan murhu. Ƙarin da ya buƙata bai wuce ƙaramar tukunya da katan guda ba. Tsarin girkin ma ya zama na gida. A Japan romo ne gaba, ana ci da tsinke. A teburin mai shayi ana barin ruwan ya tsotse, a zuba mai, tumatir da attarugu mai yawa, a ɗora soyayyen ƙwai a kai, a miƙa da cokali mai yatsu. Tambayar mai shayi ba ta canzawa: guda nawa, ƙwai nawa, a soya daban ko a haɗa. Wasu kan ƙara da burodi, su kora da shayi mai kauri.

A yankin da ake noman masara, dawa, waken soya da auduga, wannan ciniki yana bin kalandar gona. Da kaka, idan kuɗi ya shigo hannu, benci kan cika da 'yan ƙwadago, masu ɗaukar buhu, 'yan acaɓa da direbobin da ke lodin hatsi. Da damina ta yi nisa, rumbu ya ja baya, sai oda ta koma guda ɗaya babu ƙwai, ko shayi kawai. Yawancin masu zama maza ne, samari da gwauraye da matafiya, domin al'adar wurin ba ta sakar wa mace ta zauna cin abinci a bakin titi ba. Mata da yara sukan aika a sayo, ko su dafa a gida. Dattawa da yawa har yanzu ba sa lissafa ta cikin abinci, tuwo ne abinci a wurinsu. Suna da hujja ta wani ɓangare: gishirinta da yawa, kuma in ba ƙwai da kayan miya, ba ta riƙe mai aikin ƙarfi.

Tafiyar ba ta rasa tangarɗa ba. A 2004 jita-jitar cewa taliyar na kisa ta bazu a ƙasar, hukumar NAFDAC ƙarƙashin Dora Akunyili ta rufe masana'antar na ɗan lokaci don bincike, ciniki ya faɗi kafin ya farfaɗo. Yau Najeriya ta fi kowace ƙasar Afirka cin irin wannan taliya, kamfanoni da dama na yin tasu, amma a bakin jama'a duk Indomie ce.

Babban rauninta alkama ce. Abin da ake nomawa a Kadawa da kwarin Haɗeja bai kai ko kusa da buƙatar ƙasar ba, mafi yawa daga waje ake shigo da ita. Shi ya sa da darajar naira ta faɗi daga 2023, farashin katan ya yi tsalle, masu shayi a garuruwa irin su Karfi suka koma ga ƙananan ƙunshi da samfura masu rahusa domin kada abokan ciniki su watse.