Tarihin Aikin Karanta Labarai a Rediyo da Talabijin na Hausa

Kafin zuwan rediyo, sanƙira ne ke isar da saƙon sarki ga talakawa. Yakan bi kasuwa da ƙofofin gari yana shela, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, sai aka samu masu ilimin boko suna zama a dandali suna karanta wa jama'a jaridar da babbar murya. Saboda haka kunnen Bahaushe ya riga ya saba da karɓar labari daga bakin mutum guda tun kafin akwatin rediyo ya iso.

Rediyon farko a Nijeriya na waya ne: akwati ake kafawa a gida ko a bainar jama'a, a jawo masa waya daga tasha. Irin wannan ya iso Kano a 1944. Ranar 13 ga Maris 1957 Aminu Abdullahi Malumfashi ya buɗe Sashen Hausa na BBC daga Landan da shiri na minti 15. A 1958 aka kafa gidan rediyon Nijar a Yamai, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Muryar Jamus ta fara Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, sai Rediyon Faransa a 2007.

Tun daga farko, mai karanta labaran Hausa mai fassara ne. Labarai kan shigo da Turanci ko Faransanci daga kamfanonin dillancin labarai, edita ya tace, ya miƙa masa. A wancan zamani shi zai zauna gaban tafireta ya mayar da su Hausa, agogo na tafiya. Idan ya ci karo da abin da babu sunansa a harshen, dole ya ƙirƙira, ko ya tuntuɓi abokan aiki a tsayar da kalma guda. Ta bakin waɗannan ma'aikata ne kalmomi irin su Majalisar Ɗinkin Duniya, yaƙin cacar baka, juyin mulki da tsagaita wuta suka bazu har suka zama maganar kowa.

Karatun kansa yana da tarko. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na iya zama birni ko abin tuwo, "fari" na iya zama launi ko ƙarancin ruwan sama. Shi ya sa ƙwararre kan bi takardarsa da biro kafin ya shiga ɗakin watsa shiri, yana sa alama inda zai ja, inda zai numfasa, da yadda zai furta sunan baƙon shugaba. Da jar wuta ta kama, babu damar gyara. Akasari Hausar Kano ake bi, ko da mai karatun Basakkwace ne ko Badamagare.

Zamanin soja ya ɗora wa aikin wani nauyi. A Janairun 1966 daga gidan rediyon Kaduna Manjo Nzeogwu ya yi jawabinsa na juyin mulki, kuma daga nan duk masu juyin mulki sukan fara da kame gidan rediyo. Ma'aikacin gidan rediyon gwamnati yakan karanta abin da aka ba shi ne kawai, abin da ya sa masu sauraro da yawa suka koma laluben tashoshin ƙetare a gajeren zango don su gwada labari da labari.

Talabijin ta ƙara wa murya fuska. Bayan kafa NTA a 1977 da CTV ta Kano a farkon shekarun 1980, mai karatu ya zama wanda ake gane shi a kasuwa, ana lura da hularsa ko ɗaurin ɗankwalinta. Wata dokar Nijeriya ta 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, tashoshin FM suka yawaita. Yau mai gabatarwa kan haɗa karatu da hira kai tsaye da karɓar kiran waya, ana kuma kallonsa a Facebook da YouTube lokacin da yake magana.