Daga Oldham zuwa Abuja: Tarihin Dashen Ciki

Daren 25 ga Yuli, 1978, a babban asibitin Oldham da ke arewacin Ingila, aka yi wa Lesley Brown tiyata aka ciro mata 'ya mace, Louise. Shekara tara ita da mijinta suna neman haihuwa, ashe hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifarta ne suka toshe. Louise ce ɗan Adam na farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a ɗakin gwaji, sannan aka mayar cikin mahaifa, abin da ake kira dashen ciki.

Mutum uku suka ɗauki wannan kaya. Robert Edwards masanin kimiyya ne a Jami'ar Kambirij. Patrick Steptoe likitan mata ne da ya ƙware wajen zura siririn madubi ta cibiya ya zaƙulo ƙwai. Ta ukun, Jean Purdy, ma'aikaciyar jinya ce irina, kuma ita nake so a riƙa tunawa, domin ita ke tsare da madubin ƙara girma dare da rana, ita ta fara ganin ƙwayar da ta zama Louise tana rarrabuwa. Ba su sha da daɗi ba. A 1971 hukumar binciken lafiya ta Birtaniya ta hana su kuɗi. Mata sama da 280 suka miƙa jikinsu ga gwajin, akasarinsu suka koma gida hannu rabbana. Purdy ta rasu a 1985, Steptoe a 1988. Edwards kaɗai ya ga lambar Nobel a 2010.

Duniyar Musulmi ba ta yi nawa ba. Tun 1980 Muftin Masar, Shaikh Jadul Haƙ, ya ba da fatawa cewa aikin ya halatta, muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma igiyar aure na nan. An hana shigo da na wani domin kare nasaba. A Najeriya, Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka share fage a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas cikin shekarun 1980. A 1998 Dakta Ibrahim Wada ya yi tasa nasarar a asibitin Nisa da ke Abuja.

Amma shekarar da ta fi taɓa mu ita ce 1992, lokacin da likitoci a Beljiyam suka sanar da cewa sun gano yadda za a ɗauki ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak, a tsira ta cikin ƙwai da allura mai siririn gaske. Don maza aka yi wannan dabara, waɗanda maniyyinsu ya yi ƙaranci ko rauni. A aikina na sha ganin baiwar Allah ta zo ita kaɗai, katin asibiti a hannu, ta shanye saiwoyi da rubutu, an kira ta juya, an yi mata kishiya, kishiyar ma shiru. Ka ce maigida ya zo a auna shi, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba zai yarda ba."

Dashen ciki ba tabbas ba ne. Sau da yawa ba ya kamawa a karon farko, shekarun mace na da tasiri, kuɗinsa kuma miliyoyin naira ne, ya fi ƙarfin talaka. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani ba rashin tawakkali ba ne. Don haka magidanta, in gida ya yi shiru shekara guda, ku je asibiti ku biyu. Gwajin namiji shi ya fi sauƙi, shi ya fi araha, da shi ya kamata a fara.