Amana Kafin Dabara: Darasin Masana'antar Fremont

Masana harkar gudanarwa sun daɗe suna jayayya kan abin da ke sa ma'aikacin masana'anta ya ƙirƙiro sabuwar dabara. Wasu sun ce tukuici, wasu sun ce horo. A ganina duka biyun ba sa tasiri sai ma'aikaci ya tabbata cewa dabararsa ba za ta raba shi da abincinsa ba.

Masana'antar motoci ta General Motors da ke Fremont, a jihar Kalifoniya ta Amurka, ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki, yajin aiki da ƙera motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da sunan NUMMI bisa haɗin gwiwa da Toyota, kuma galibin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne, da ƙungiyarsu ta ƙwadago. Cikin 'yan shekaru ingancin motocinsu ya kusa kamo na Japan.

An rataya igiya a kan layin haɗa motoci, kowane ma'aikaci na iya janta idan ya ga kuskure, shugaban rukuni ya zo taimako maimakon faɗa. Su kuma ma'aikatan da kansu ke auna lokacin aikinsu suna gyara tsarinsa. Amma ginshiƙin tsarin shi ne alkawarin da aka rubuta a yarjejeniya, cewa ba za a sallami kowa ba sai in kamfanin ya kusa durƙushewa. Da kasuwa ta faɗi a 1988, an cika alkawarin: aka tura rarar ma'aikata horo. Wanda ya gano yadda mutum huɗu za su yi aikin biyar ya san na biyar ɗin na iya zama shi ko amininsa, don haka in babu irin wannan alkawari, zai ja bakinsa ya yi shiru, kuma ban ga laifinsa ba.

Marubuta kan harkar ƙwadago, Mike Parker da Jane Slaughter, sun soki tsarin da cewa matsi ne aka sa wa sabuwar riga, kuma akwai ƙamshin gaskiya, domin saurin aiki ya ƙaru. Duk da haka sukar ba ta rushe hujjar ba. Darasin ya shafe mu a nan gida ma: masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa a Kano da ke dogaro da ma'aikatan wucin gadi suna iya ajiye akwatin shawarwari, amma wanda bai san ko za a kira shi aiki gobe ba ba zai jefa komai a ciki ba.