Ƙananan Labarai a Bakin Kwara

A shekarar 1830, lokacin da Richard Lander da ƙanensa John suka iso Busa suna neman takardun Mungo Park, abin da aka nuna musu wani tsohon littafin lissafi ne na matuƙan jirgin ruwa. A tsakanin shafukansa akwai 'yan takardu, ɗaya daga ciki gayyata ce ta cin abincin dare da wasu ma'aurata suka aika wa Park a Landan. Daga nan suka haura Yawuri, suka yi makonni suna jiran sarki ya fito musu da kundin tafiyar, ba su samu ba. Babban labarin ya tafi da ruwa, ƙaramin saƙon gayyata ya tsira.

Park ya halaka a duwatsun Busa a 1806, jim kaɗan bayan ya rabu da jagoransa Amadi Fatuma a Yawuri. Sai da aka shafe kusan shekara biyar kafin tabbacin mutuwarsa ya kai ga mutanensa. Mu 'yan bakin ruwa kuwa, labarinmu bai taɓa yin irin wannan jinkirin ba, domin kogin da ya haɗiye Bature shi ne gidan wayarmu. Gungawa a tsibirai, Sarkawa masunta, Shangawa da Kambari a tudu, kowa na da ɗan kwale-kwalen da ya sani. Ga kuma fataken goro masu zuwa Gwanja, da ke tsallake Kwara ta wannan yankin, suna sauke labarin Kano su ɗauki na Salaga.

Na tambayi kakata irin saƙon da ake ba mai jirgi a zamaninsu. Ta yi dariya ta ce, "Kai yaro, wane saƙo? A ce wa Yaya albasa ta yi kyau, akuya ta haihu, ciwon ƙafar Inna ya yi sauƙi." Shi ke nan. Amma ta ƙara da abin da ban manta ba: in kasuwa biyu ta ci ba a ji ko ɗaya daga irin wannan ba, a ranar ta uku wani zai kwance jirgi ya je ya dubo.

Wannan tsarin ne madatsar ruwan Kainji ta tsinka. An fara gininta a 1964, aka kammala a 1968, tafki ya malale sama da kilomita 100 zuwa arewa, ya rufe tsohuwar Busa da tsibirai da gonakin fadama. Mutum fiye da 40,000 aka tashe, aka zaunar da su a sababbin garuruwa masu gidajen siminti. An lissafa ɗakuna, an lissafa itatuwa, an biya abin da aka biya. Abin da ba shi da shafi a littafin diyya shi ne maƙwabtaka. Waɗanda a da suke jin tarin juna da asuba, wasu sun koma gaɓar gabas, wasu gaɓar yamma, tsakaninsu ruwa mai faɗi da iska da kututtukan itatuwan da aka bari a tsaye ƙarƙashinsa. Ƙaramin kwale-kwalen da ya ishi kogi bai ishi tafki ba. A ganina, rashin da tsofaffinmu suka fi ji ba na bango da rufi ba ne. Shirun nan ne da ya daina nufin komai, tunda yanzu kowa shiru yake.

Tsarar mahaifina ita ta fara fita karatu da yawa, zuwa Sakkwato da Zariya, ta kuma gaji wannan giɓin. Wasiƙa takan bi akwatin gidan waya a Yelwa, ko hannun direban motar kasuwa, wanda ya fi sauri kuma yakan ƙara nasa bayanin. Na ga wasu daga cikin wasiƙun abokan karatunsa a cikin tsohuwar adaka. Rabin kowace gaisuwa ce, sauran rabin kuma ruwan sama da kuɗin gero da wanda ya yi aure. Wanda ya matsu a ji shi yakan aika kati zuwa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, a jero sunayen abokai goma a iska, kowa ya san kowa na raye.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ko da yake ta daɗe kafin ta iso ƙauyukan Shanga, kuma da ta iso sai ka nemi tudu. Mu da muka shiga jami'a 'yan shekaru bayan haka mun tashi da filashin da kiran dare na kyauta, sannan 2go, sannan Facebook. Da muka gama aka watsu hidimar ƙasa, wani ya buɗe mana zauren WhatsApp. Mu 23 ne, daga Legas har Kuala Lumpur.

Na daɗe ina raina wannan zauren. Hoton tuwo, barka da Juma'a, wane ya sayi babur, ɗiyar wance ta fara tafiya. Har na taɓa kashe masa ƙara na shekara guda. Abin kunya shi ne aikina da kansa ya isa ya koya mini akasin haka. A manhajojin da nake rubutawa, kowace kwamfuta takan aika wa 'yar'uwarta ɗan saƙo kowane 'yan daƙiƙu, saƙon da babu komai a cikinsa sai "ina nan". Bugun zuciya muke ce masa. Ba wanda ke karanta shi. Amfaninsa duka yana ranar da bai zo ba.

Ranar ta zo mana a 26 ga Mayun 2021, da wani jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya kife a kusa da Wara ta ƙasar Ngaski, kaɗan ne suka fita. A zaurenmu akwai wani malamin makaranta ɗan yankin, wanda kullum da safe sai ya turo hoton bakin ruwa, mu yi ta yi masa tsiya wai kifi zai sayar mana. Ran nan bai turo ba. Kafin labarin ya bazu a kafofin yaɗa labarai, wata 'yar ajinmu a Abuja ta riga ta rubuta, "Jama'a, yau ban ga ruwan Malam ba." Aka kira, waya a kashe. Ni ne mafi kusa, sai na hau babur.

Na same shi da la'asar a gaɓa, wandonsa jiƙe har cinya, yana cikin masu karɓar gawa. Ba ya cikin jirgin, amma ɗan ƙanwar mahaifiyarsa na ciki. Da ya gan ni ya ce, "Kai kuma wa ya faɗa maka?" Na ce masa ba wanda ya faɗa mini komai.

Sai da aka yi sadakar bakwai kafin hoton ya dawo. Tafkin ne dai, da jirage biyu a ɗaure, ba rubutu ko ɗaya a ƙasansa.