Man birkin ƙananan jiragen sama da dalilan da ke sa birki yin laushi

Ƙananan jiragen sama irin su Cessna 172 da Piper PA-28 suna tsayawa ne da birki mai aiki da mai. Idan matuƙi ya danna saman abin takawa da ƙafarsa, wata silinda kan tura mai ta cikin bututu zuwa taya, man kuma ya matse faifan ƙarfen da ke juyawa tare da ita. Kowace babbar taya tana da nata birkin daban.

Aikin gaba ɗaya ya dogara ne ga siffa guda: mai ba ya matsuwa. Ƙarfin da ƙafa ta sa shi ne ke isa taya.

Man da aka fi amfani da shi a irin waɗannan jirage shi ne MIL-PRF-5606, wanda ake samu daga man fetur, ana kuma rina shi ja don a gane shi. Akwai MIL-PRF-83282, wanda ya fi shi jure zafi kafin ya kama wuta. Man birkin mota kuwa, wato DOT 3 da DOT 4, da Skydrol mai launin shunayya na manyan jirage, duk suna lalata robobin da aka ƙera domin jan mai.

Babban abin da ke sa birki yin laushi shi ne iska. Saɓanin mai, iska tana matsuwa, don haka sai ƙafa ta nutse, taya kuwa ba ta kama ba. Iska kan shiga idan mai ya yi ƙasa, ko bayan gyara, ko ta wurin da ke yoyo. Tsufan robobin silinda, da kumburin tiyo, da zafin da yawan taka birki ke haifarwa, su ma suna jawo hakan.

Hatsarin ya fi girma a jirage irin su Cirrus SR22 da Diamond DA40, domin tayarsu ta gaba ba a juya ta da ƙafa. Da birki ake karkatar da su idan suna tafiya a hankali a ƙasa. Idan ɓangare ɗaya ya yi laushi, jirgin na iya kauce wa titinsa.

Injiniyoyi kan fitar da iskar ta hanyar tura mai daga ƙasan birki zuwa sama, kasancewar iska sama take nufa. Amma idan ba a gano kafar da ta shiga ba, laushin zai dawo.